Fuskar Tsirel

A duk layin masu mutum-mutumin waliyyai da ke bayan babbar majami'ar Lecce, garinmu na kudancin Italiya, babu hannun da ya kai na Fishel Brandwain iya fitar da fuska. Abin da ya fi ƙona wa sauran masu sana'ar rai kuwa, mutumin Bayahude ne, bai taɓa durƙusa wa abin da ya ƙera ba ko sau ɗaya. Su da suka gaji aikin kaka da kakanni, in suka yi fuskar Maryama sai ta fito kamar mai kifin da aka yi wa tayin rainin hankali. Shi kuwa sai ya zauna da curin yumɓu, ya sa manyan yatsunsa biyu, kafin kofin gahawa ya huce ga ta nan: hanci a miƙe, ɗan ƙaramin baki, idanu sun ɗan kalli sama, baƙin ciki ya kwanta mata daidai yadda tsofaffin matan ƙauye suke son shi.

Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. A ɗaure gangar jiki da waya da karan alkama, a tufatar da ita da takarda da kunun fulawa, a bi ta da ƙarfe mai zafi, a shafa alli, a yi fenti. Kai da hannuwa ne kaɗai na yumɓu, su ana gasa su. Su ne rabon Fishel a shagon Oronzo, shekara goma sha biyu cur.

Oronzo ƙato ne mai tumbi, mai kirki, bakinsa ba ya hutawa sai in da taliya a ciki. Farfesa yake kiran Fishel.

"Farfesa, ƙauyen surukaina suna son Maryama mai kuka. Amma fada, limamin majami'arsu, ya ce kada kukan ya yi yawa, wai ta bara tana firgita yara."

"Hawaye nawa, maigida?"

"Biyu. In ka sa uku kai za ka je ka share mata."

Da zolaya yake faɗin Farfesan, amma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Fishel ɗan Lublin ne. Ubansa masassaƙin duwatsun kabari ne, ya kwashe shekara arba'in yana fitar da zaki da kyandir da karyayyen reshe a jikin dutse, amma fuskar ɗan Adam ko da wasa, don addininsu bai yarda ba. Ranar da ya kama Fishel, yana ɗan shekara tara, ya murza ƙullun burodin Asabar ya fitar da fuskar kakarsa har da gashin haɓarta, sai da ya yi masa dukan da ya kwana biyu yana cin abinci a tsaye. Dukan bai yi magani ba. Yana kai sha bakwai ya gudu Krakow makarantar zane. Kafin ya cika talatin an rataye zanensa a manyan zaurukan Warsaw, jaridu sun fara rubuta sunansa, wasu ma suna rubuta shi daidai.

Sai ya auri Tsirel, 'yar mai gyaran agogo. Ya zana ta ya fi sau arba'in, tana feraye dankali, tana barci, tana fushi da shi. Ya sassaƙa kanta a icce, ya sassaƙa a dutse. Takan ce masa, "Kai mutumin nan, kallon ya isa haka. Za ka cinye ni da ido, ba ka bar wa tsufa komai ba."

Da Jamusawa suka shigo a kakar 1939, dattawan unguwa suka taru suka yanke shawara da abin da suka gani a yaƙin baya: soja maza yake kamawa ya kai aikin ƙarfi, ba ruwansa da mata da tsofaffi. Saboda haka masu jini a jika su yi gabas wajen Rasha, mata su tsare gida har ƙura ta lafa. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To wannan karon manyan ba su hango komai ba, Allah ya jiƙansu, su ma da su aka tafi.

Tsirel da kanta ta ɗaure masa kaya. Ita za ta zauna da uwarta wadda ciwon ƙafa ya hana tafiya, da ƙanwarta Beila, 'yar shekara goma sha biyar. In ya samu ɗaki ya aiko, sati shida ko bakwai. A bakin ƙofa ta miƙo masa hoton ranar aurensu. Fishel ya yi dariya. Wai me zai yi da takardar da na'ura ta tofo, shi da yake iya zana ta ido a rufe? Hoto ai na waɗanda ba su da hannu ne. Ya ajiye shi a kan tebur ya fita. Irin wannan wauta sai gwani, maras sana'a da ya sa hotonsa a aljihu ya yi gaba.

Sati shida ya zama shekara bakwai. Rashawa suka tura shi arewa saran itace cikin ƙanƙara, can ya baro yatsun ƙafa biyu. Daga nan ya gangara ƙasar Uzbek, yana zana fuskokin manya a kan ƙyalle ana ba shi burodi. Ya zana Tsirel da gawayi a bangon bukka, aka tashe su daga bukkar. Ya zana ta a takardar buhun siminti, wani ya naɗe taba da ita. Bai damu ba a lokacin, tunda a ganinsa mai fuskar tana gida tana jira.

Da ya dawo Lublin bai tarar da unguwar ba ma, balle gidan. Tsirel da uwarta da Beila, an ce an loda su a jirgin ƙasa a 1942 tare da kowa da kowa. Babu kabari, babu wanda ya ga gawa. Ya je ɗakin zanensa da ke cikin gari, wata mata ta leƙo ta tsagar ƙofa ta ce zanen kam an hura wuta da su a wani sanyi da aka yi, kuma katakon jikinsu ya ci da kyau. Ta rufe ƙofarta.

Ya bi ayarin masu ƙetare duwatsu a ƙafa har Italiya, aka sauke su a sansanin 'yan gudun hijira da ke bakin tekunmu. Kowa na jiran jirgin ruwa, wasu Falasɗinu, wasu Amurka. Likitoci suka haska ƙirjin Fishel, suka ga tabo a huhu, suka ce ya dakata. Ya dakata har sansanin ya watse. A nan Oronzo ya tsince shi zaune a gindin katanga yana murza laka, ya duba abin da ke hannunsa, ya ce masa ya zo shago ranar Litinin.

Sau ɗaya ya gwada komawa Fishel ɗin da. A 1950 ya ari zaure ya rataye zane goma sha takwas, duk ƙonannun tituna ne da mutane rungume da ƙunshin kaya. Jama'a suka zo suka sha ruwan inabin da aka zuba, suka yi ta kallon takalmansu. Wata matar lauya ta tambaye shi ko yana zana teku da jiragen masunta. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba, su ma sun binne nasu, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ya kwashe zanensa ya jingine su a ɗaki suna kallon bango. Bai sake ɗaukar buroshi don kansa ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Yana ɗakinsa da ke saman gidan burodi, a kan doguwar kujerar katako, lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Kan Tsirel ne, na ɗanyen yumɓu. Tun watansa na farko a shagon ya fara shi. Bai gasa shi ba, don abin da ya shiga wuta ya gama karɓar gyara, shi kuwa kullum gani yake da saura kaɗan. Kowace safiya ya jiƙa tsumman. Kowace la'asar in an tashi daga aiki ya yaye shi, ya zauna, ya ɗan taɓa kumatu, ya ɗan shafi leɓe. Shekara goma sha biyu bai kwana a wajen gari ba, don zafinmu ba ya ɗaga wa yumɓu ƙafa, kwana biyu ba ruwa ya tsattsage. Babu wanda ya taɓa ganin kan nan, har Oronzo. A sanin Fishel shi kaɗai ya rage a duniya da ya san fuskar matar. In ta kuɓuce masa shi ke nan, kamar ba a taɓa haihuwarta ba. Wannan tsoron ne yake tashinsa da safe, kuma in gaskiya za a faɗa, shi ya hana shi kashe kansa.

A watan Yuni na 1959 wasiƙa ta zo shago daga Antwerp, ta hannun ofishin neman waɗanda yaƙi ya ɓatar. Beila ce. Tana raye, ta auri tela, 'ya'yanta biyu. Mijin da yaran sun riga sun yi gaba zuwa Haifa, ita za ta bi su a jirgin ruwan da zai tashi daga Brindisi wata Alhamis cikin Yuli. Za ta sauka Lecce da jirgin ƙasa na safe, tana da rabin yini. A ƙarshe ta rubuta: "An ce har yanzu kana sana'arka. Yaya Fishel, ina so in ga yayata."

A tsaye ya fara karantawa, a zaune ya gama. Oronzo ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Mutuwa aka yi, Farfesa?"

"A'a, maigida. Wata ce ba ta mutu ba."

Sati uku Fishel yana yawo kamar wanda aka sake daga kurkuku bai san inda zai nufa ba. Ya yanke wa kansa shawara: Beila za ta duba, ta ce ita ce, washegari ya kai kan nan wuta. Daga nan ko ya mutu, Tsirel tana da fuska. Ya yi aski. Oronzo ya ba shi aron kwat ɗinsa ta zuwa biki, wadda Fishel biyu za su shiga su bar wuri.

A tasha ya tsaya yana neman siririyar yarinya mai kitso biyu. Wadda ta nufo shi wata mata ce mai jiki, furfura ta cinye rabin kanta alhali shekararta talatin da biyar, da riga mai dogon hannu cikin wannan zafin na Yuli. Bai tambaye ta dalilin dogon hannun ba, ya san yana rufe lambar da Jamusawa suka tsaga mata a fata a sansaninsu. Ya lalubi Tsirel a fuskarta bai samu ba. Da ma ba su taɓa kama ba, Beila ubansu ta ɗauko.

"Yaya Fishel, ka tsufa," ta ce da harshensu na gida, wanda ya yi shekaru bai ji a bakin kowa ba.

"Ke kuma har yanzu bakin nan yana nan."

"Ina gashinka?"

"Rasha na baro shi."

"Kwat ɗin fa, da mai ita a ciki ko ya fita?"

Suka yi 'yar dariya. Ba wanda ya yi kuka, sun wuce nan tuntuni. Ya karɓi akwatinta suka shiga gari.

Hanyar ɗakinsa ta ƙofar shago take bi, kuma Oronzo ba zai bari baƙuwa ta wuce ba ta sha gahawa ba. Ya zaunar da ita, yana yi mata magana da ƙarfi, a tunaninsa rashin jin Italiyanci kurumta ne. A kan kanta, kawunan Maryama sun fi talatin a jere suna shan iska kafin a kai su wuta. Beila ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Gaya mata, Farfesa, gaya mata har daga Malta ake aiko neman hannunka."

"Me yake cewa?" in ji Beila.

"Wai ni gwani ne."

"Da babanka zai ga wannan kantar, da ya sake mutuwa."

A ɗaki ya haɗa mata shayi a kofin gilashi, da ƙwayar sukarin da ake riƙewa tsakanin haƙora, yadda ake sha a gida. Ba ta jira ya tambaya ba. Ta faɗa masa a taƙaice, idonta a kan kofin. Ranar da aka tara su a fili, wani soja ya ce masu ɗinki su fito. Tsirel ta damƙi hannun Beila ta ɗaga sama, ta ce wannan ta iya keken ɗinki, alhali ko maɓalli Beila ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ita Tsirel da ta iya ɗinkin, ta koma ta riƙe uwarsu. Ganin ƙarshe ke nan.

"Tana ambatona?"

"Wata rana ta ce gara da ka tafi. Wata rana ta zage ka tas. Ya danganta da ko mun samu abin da muka ci."

Fishel ya gyaɗa kai. Zagin ma daɗi ya yi masa, don ya ji muryarta a ciki.

Ya tashi ya wanke hannu. Ya jawo kujerar kusa da taga, ya kama gefen tsumman ya yaye shi a hankali don kada ya ɗebo yumɓun. Ya koma gefe ya tsaya. Bai kalli kan ba, Beila yake kallo.

Ta duba. Ta ɗan karkata kai irin na baƙon da aka nuna wa kayan ɗaki.

"Ta yi kyau. Ashe har gida kake zuwa da aikin shago." Ta waiga tana duba lungunan ɗakin, har wajen zanen da ke jingine. "To ina ta Tsirel ɗin?"

Daga ƙasa ana jin mai gidan burodi yana faskare. Fishel ya nuna kan yumɓun da hannu.

"Ita ce."

Beila ta sake dubawa, fuskarta ta canja. Da ta yi masa ƙarya da ta kyauta, amma 'yan gidan mai agogo ba sa ƙarya sai ta ceton rai.

"Yaya Fishel, wannan ai irin na kan kantar nan ne."

Fushi ne ya fara zo masa. "Me kika sani? Yarinya ce ke lokacin, majina a hanci. Ni na aure ta. Shekara shida ina kallonta, kallonta ne sana'ata."

"A gado ɗaya muke kwana har ranar da ka ɗauke ta. Yaushe ka taɓa ganin Tsirel ta kalli sama? Mutum take kallo a tsakiyar ido, har ya tuno laifin da bai yi ba."

Sai ya juya ya dubi abin da ke kan kujerar. Hanci a miƙe. Ɗan ƙaramin baki. Idanu sun ɗan kalli sama. Gwano ba ya jin warin jikinsa: shekara goma sha biyu yana kallon fuskar nan kullum bai gani ba, sai yau da wani idon ya tsaya a gefensa. Kai ɗari biyu yake yi a shekara a shagon Oronzo. Kowace la'asar ya hawo bene da aikin yini a yatsunsa, ya yaye tsumma, ya ce bari ya ɗan gyara. Ba wanda ya sace masa ita. Shi da kansa ya goge ta, kaɗan-kaɗan, da soyayya, har ba ta saura. Baƙin cikin da ya ji a lokacin ya fi na ranar da ya tsaya a kangon unguwarsu, don wancan aikin Jamusawa ne, wannan kuwa aikin hannunsa.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ya tuɓe kwat ɗin Oronzo, ya ɗauko 'yar wuƙar katakon da yake aiki da ita, ya jawo bokitin yumɓu.

"Zauna nan, ƙanwata. Faɗa mini. Hancin."

"Ba haka yake ba."

"Na ji. Yaya yake?"

"Akwai ɗan tudu a tsakiya, ina ji." Ta sake duban yumɓun. "Ko na Mama ne mai tudun."

Ya sa tudun. Ta ce bakin ya fi haka faɗi, ya faɗaɗa, ta ce ya yi yawa, ko kuma in tana dariya ne yake kai haka. Ta ce goshin, ya yanke goshin. Suka zo kan tawadar Allah. Beila ta ce a hagu take, ƙasan kunne. Shi ya rantse a dama take, kusa da leɓe. Suka yi ta musu, murya na tashi, sai kuma duk suka yi tsit, don kowannensu ya ji shakka a muryar kansa.

Abin takaici, Beila ta tuna komai. Ta tuna koren ɗankwalin, da ƙamshin albasa da sabulu a hannuwanta, da yadda take cizge zare da haƙori, da ɗan tarin da take yi in za ta faɗi maganar da ba za a so ba. Duk wannan ba ya shiga yumɓu. Da zarar ya ce mata ido fa, kumatu fa, sai ta ce ba haka ba dai, ba haka ba.

Agogon majami'a ya buga ɗaya, ya buga biyu, ya buga uku. Gumi ya jiƙe masa riga. Yana yanka, yana liƙawa, yana ɗaga kai ya dube ta don ya ji me za ta ce, ya koma ya danna. Hannun mai zane kuwa abin da ido ya gani yake bi.

"Tsaya," Beila ta ce. "Ni kake yi."

Haka ne. Ga muƙamuƙin mai agogo nan, ga kumburin ƙasan ido, ga matar da ta gaji. Fuskar da ya yaye wa tsumma ɗazu ta tafi, wadda suke nema ba ta zo ba. Fishel ya ajiye wuƙar a kan taga, ya goge hannu a wando.

"Jirginki ƙarfe huɗu ne," ya ce.

Ya ɗauki akwatinta suka fita. A tasha suka samu benci a inuwa, akwatin a tsakaninsu. Beila ta fara magana, idonta a kan layin dogo.

"Yaya, ka yafe mini. Ba don in gyara maka na zo ba. Fuskarta ta ɓace mini tun ina sansanin Jamusawa. Wata safiya na rufe ido na neme ta, na ga ɗankwalin, ban ga abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Na san dai wadda ka yi ba ita ba ce, amma iyakar abin da na sani ke nan."

Fishel ya juyo ya dube ta.

"Ƙaramar 'yata sunanta na sa mata. Shekararta takwas. Kullum sai ta ce, Mama, takwarata da wa take kama? Da sunanka ya fito a takardar ofishin nan, na ce mata, kwantar da hankalinki, mijin takwararki mai zane ne, shi yana da ita, zan zo miki da ita. A bakin teku za ta tarye ni, kuma abin da za ta fara tambaya ke nan."

Ta buɗe jakarta ta ciro ambulan ɗin da tikitinta yake ciki, ta juya bayansa, ta haɗa da fensir ta miƙa masa.

"Zana mini ko a nan."

"Kin ga abin da hannun nan yake fitarwa."

"Na gani. Yarinya ba ta san bambanci ba. Ba zan sauka hannu rabbana ba, Yaya Fishel, ba zan iya ba."

An fara jin ƙarar jirgin daga nesa. Ya ɗora ambulan ɗin a gwiwa. Ya rufe ido ya kira Tsirel a zuci sau ɗaya, ya jira, babu. Ya buɗe ido ya saki hannun. Ko minti biyu bai yi ba, hannun bai yi gardama ba ko kaɗan. Iyakar abin da ya iya shi ne ya sauko da idanun su kalli mutum. Sauran duk na shago ne.

"Rubuta sunanta a ƙasa," in ji Beila. "Ka sa hannu, don ta yarda."

Ya san abin da ake nema a wurinsa. Takardar nan za a sa ta a gilashi a rataye a wani ɗaki a Haifa. Yarinyar za ta girma tana kallonta, ta nuna wa 'ya'yanta ta ce ga wadda ta ɗaga hannun kakarku, kuma babu mai rai da zai ce ba ita ba ce. In ya sa hannu, ya shaida. Jirgin ya shigo ya tsaya, mutane na ta hawa. Fishel ya rubuta Tsirel da haruffansu na gida, daga dama zuwa hagu, ya sa sunansa a ƙarƙashi.

Beila ta ninke takardar ba ta duba ba, ta sa a jaka. Ya miƙa mata akwatin ta ƙofa.

"Allah ya kiyaye hanya, ƙanwata."

"Ka riƙa cin abinci, Yaya."

Jirgin ya tashi. Fishel ya koma kan bencin ya zauna, fensirinta a hannunsa, don ya manta bai mayar mata ba. Yana nan zaune har mai shara ya zo ya ce masa ya ɗaga ƙafa.